Ƙamshin da Tohon Bana Ya Ɗauka

Litinin, da yamma

Weilun ya kawo Shuyan gida yau. Shi ya riƙo jakarta, ita ta rungume hannuwanta kamar mai jin sanyi, alhali zafi ake yi har kaji na buɗe baki. Surukin nawa bai zauna ba. A tsaye ya sha ruwa, ya ce, "Mama, ga ta nan, ni na rasa yadda zan yi. Likita ya ce in watan nan ya ƙare ba ta fara cin abinci ba, kwantar da ita za su yi su riƙa ba ta ta jijiya." Ya koma birnin Fuzhou saboda aiki.

'Yata ce, ni na haife ta, amma da na dafa kafaɗarta ƙashi na taɓa.

Na dafa fatan shinkafa da gwaza. Ta dube shi. Da ya huce na ɗauke.

Baogen, mijina, ya fita ya zauna kusa da faya-fayan gora da muke shanya ganyen shayi a kai, yana ta busa taba. Babu ganye ko ɗaya a kansu. Yana kallonsu dai.

Talata, da hantsi

Yaya Lanfang ta zo, babbar yayar Baogen. Tun daga bakin hanya ake jin muryarta, amma da ta shigo sai ta rage, ta ja ni kicin.

"Tana ina?"

"Tana ɗaki, Yaya."

"To ki saurara. Kada in ji kin buɗe bakin nan naki mai yoyo. Jaririn da bai cika wata a duniya ba baƙo ne, leƙowa ya yi ya koma. Ba a kiran suna, ba a faɗa wa uwa inda aka kai, ba a barin ko zare ɗaya na kayansa a gida. In an bari zai riƙe mata ƙafa, ba za ta sake samun wani ba. Ni ma an yi mini haka, ba ga ni da 'ya'yana ba?"

"Na sani, Yaya."

"Kayan fa?"

"Uwar Weilun ta ba ni jakar a ƙofar asibiti, ta ce in ƙona a bakin rafi."

"Kin ƙona?"

Na ce e.

Ta dafa ni ta ce na yi daidai. Ta bar mana kaza.

Laraba, da safe

Na yi tunanin in abinci ya ƙi shiga, wataƙila shayi ya buɗe masa hanya.

Ɗanɗana shayi shi ne aikin Shuyan. A shagon da take aiki a birni ita ke cewa a ƙara wa farin shayi fure ko a rage, a sa ɓawon lemo ko kada a sa. Tun tana 'yar ƙarama, in ta shinshina faifai za ta ce wannan ganyen daga gonar bayan dutse ne, kuma ba ta kuskure. Babanta Hancin Gida yake kiranta.

Na ɓantaro daga curin tsohon shayinmu da ya shekara bakwai a ajiye, na dafa shi a tukunyar ƙasa da busasshen ɓawon lemo. Ya fito ja kamar zuma. Ƙamshin ya cika kicin, irin wanda ke sauka har ƙirji ya zauna. Na kai mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta sha.

"Ya kika ji shi?"

"Ruwan zafi ne, Mama."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba. Abin da ta ji ke nan.

Alhamis, da rana

Cokali biyu. Na uku ta kau da kai.

Juma'a, da safe

Ruwan sama tun jiya. Na hau ɗakin sama inda muke ajiye shayi don in duba ko danshi ya shiga. Bai shiga ba. Na ɗan jima a can.

Asabar, da yamma

Yau da furen wardi na haɗa mata, a kofin gilashi, don ta ga yadda furen ke buɗewa a hankali yana yawo tsakanin ganye. A da in na haɗa wannan sai ta yi dariya ta ce, "Mama, kin cika masa fure kamar ɗakin amarya, ina shayin?" Da gangan na cika yau. Na jira ta yi mini faɗa.

Ta sha. Ta ajiye kofin. Ta ce na gode.

Ni 'yata ba ta taɓa yi mini godiya a kan shayi ba.

Weilun yana kira kullum bayan ya tashi aiki. Tana kara wayar a kunne, ina jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa, ita ba ta cewa komai. In ya gaji sai ta miƙo mini. Ya ce, "Mama, ta ci?" In ce ta ɗan taɓa. Ya ce, "Ta yi kuka?" In ce a'a. Tun daga ranar ba ta yi ba. Yaya Lanfang ta ce wannan alama ce mai kyau. Ban san ba.

Lahadi, da safe

Na hau sama.

Litinin, da hantsi

Maƙwabtanmu na gidan Lei sun aiko da ƙwan da aka rina ja, kamar yadda aka saba, jikansu ya cika wata. Yarinyar da aka aiko ba ta san komai ba, tana ta washe baki a ƙofa. Na karɓe da sauri na cusa a tukunyar shinkafa. Jan ya ɓata mini yatsu, na goge da toka har fatar ta yi zafi.

Ni ma na sayi garin jan nan tun bazara. Yana nan a bayan tulun gishiri. Ban san abin da ake yi da shi ba yanzu.

Da na shiga ɗakinta idonta a kan hannuna ya tsaya. Na ɓoye shi a bayana kamar yarinyar da ta saci sukari.

Laraba, da yamma

Na dafa farin shayi da jar magarya da 'yar citta. Wannan nake ba ta in zazzaɓi ya kama ta tana ƙarama, tana sha tana ɓata fuska tana cewa maganin tsofaffi.

Ruwan zafi.

Kofin ya bar zoben ruwa a kan tebur, na tsaya ina kallonsa. A teburin nan ta koya mini rubutu bayan na haura arba'in. Takan tsoma yatsa a shayi ta zana harafi, ta ce, "Yi sauri, Mama, kafin ya bushe." In na yi shi a karkace ta ce ya sha giya. Yanzu ina iya rubuta komai, amma abin da ya kamata in faɗa mata an ce kada a faɗa.

Alhamis, da safe

Ina saukowa daga tsani Baogen ya tare ni.

"Tsohuwa, me kika ajiye a saman nan ne? Saurayi?"

"Danshi nake dubawa."

"Danshi kullum? Ki gaishe shi, ki ce ya sauko ya taya ni aiki."

Wasa yake so ya yi, amma fuskarsa ba ta yi ba. Shi ma ya rame. Wandonsa da igiya yake ɗaurewa.

Asabar, da sassafe

Furen yasmin ya fara shigowa kasuwa. Jiya da yamma Baogen ya sayo buhu, muka baza shi har ya buɗe, muka cuɗa shi da ganyen ƙarshen bazara muka tara. Gidan duka ya ɗauka, har matashin kai. Yau da gari ya waye yana shirin tankaɗe furen da rariya, sai ga Shuyan a bakin ƙofa da rigar barci. Ta sunkuya, ta cusa hannu cikin tulin.

"Baba, ya yi zafi. Ba ka baza shi da wuri ba, furen ya dahu."

Baogen ya saki rariyar. "Ke ce ko mafarki nake?"

Ta koma ɗaki.

Gaskiyarta ne, furen ya yi ja-ja a tsakiya. Baogen bai taɓa jin daɗin ɓata shayi kamar yau ba. Yana tankaɗe yana waƙa. Da hannu ta ji, ba da hanci ba, na sani. Duk da haka na shiga kicin na yanka kazar Yaya Lanfang.

Asabar, da yamma

Ba ta taɓa kazar ba.

Litinin, da rana

Na riƙe ta muka je asibitin ƙauye aka auna ta. Malamar asibitin ta rubuta abu, ta dube ni ta saman tabarau. A hanyar dawowa Shuyan ta zauna a kan dutse sau da yawa. Wata ya kusa ƙarewa.

Na kunna turaren tsinke a kusurwar da muke tunawa da kakanni. Ban san me zan ce musu ba, su ma ai ba a faɗa musu ba.

Laraba, da yamma



Baogen ya ce lokaci ya yi da za a zuba wa tohon bana fure. Shi ne mafi kyawun abin da muka tsinka, toho zalla, kowanne da farin gashinsa, tun ƙarshen hunturu yake cikin adakar kwano a sama. Kafin a haɗa shi da fure dole a ɗanɗana shi haka nan tsurarsa, haka ubansa ya koya masa.

"Tsohuwa, tunda ke ce mai gadin sama, hau ki ɗebo mana kaɗan."

Na hau na ɗebo. Ban yi tunanin komai ba. Ban ji komai ba, hancina ya saba da adakar nan.

Ya haɗa a kwano mai murfi, ya zuba kofi uku kamar yadda ya saba, ya tura ɗaya gaban Shuyan da ke zaune a ƙarshen tebur tana kallon bango. Ruwan fari ne tas, da ɗan ruwan ɗorawa kaɗan. Baogen ya zuƙa da ƙara, ya lumshe ido. "Kai! Kamar raɓa a kan kara. Bana mun gama da kowa."

Shuyan ta ɗauki nata don kada ta ɓata masa rai. Ta kai baki. Sai ta tsaya.

Ta miƙa hannu ta ɗauki murfin kwanon, ta kai hanci. Ta daɗe. Ta sake kurɓa, ta riƙe shi a baki ba ta haɗiye ba.

"Baba, wa ya taɓa shayin nan?"

"Babu kowa. Me kika ji?" Har ya miƙe tsaye don murna. "Hancin Gida ya farka! Faɗi, hayaƙi ne? Danshi?"

"Sabulu."

"Sabulu? To uwarki ce ba ta ɗauraye kofin ba, tsufa ya kama ta."

"Ba na wanke-wanke ba ne."

Ni take kallo.

Ta shanye. Ta jawo butar ta ƙara ruwa da kanta, ta sha, ta ƙara, har ganyen ya daina ba da launi. Sannan ta ɗauki kwanon da jiƙaƙƙen ganyen a ciki ta shiga ɗaki ta rufe.

Ni da ba na barin a ɓare tafarnuwa kusa da faifai. Ni da ba na shafa mai a hannu lokacin tsinka. Kowane yaro a garin nan ya san farin shayi duk abin da ka ajiye kusa da shi sai ya sha shi. Ranar da na dawo daga asibiti na je har bakin rafi da jakar da ashana a hannu. Na dawo. Wurin da ɓera ba ya shiga kuma Baogen ba ya buɗewa kawai na nema. Adakar toho na samu.

Alhamis, da hantsi

Ina tsince shinkafa ta zo ta tsaya a kaina.

"Mama, ina jakar?"

"Wace jaka?"

"Kin ce kin ƙona."

Na ci gaba da tsinta. Babu tsakuwa ko ɗaya a ciki.

"Ƙafafuna ba za su iya tsani ba," in ji ta. "Ko ki sauko mini da ita, ko in hau in faɗo. Zaɓi."

"Shuyan, ba a yi. Gwaggonki ta ce..."

"Kowa ya ce. Kowa ya faɗi nasa. Na dawo gida na tarar an share ɗakin har ƙusar da na rataye gidan sauro an cire. Wani lokaci ina kwance sai in ce ko ni ce na ƙirƙiri haihuwar. Jiya na ji ta a bakina, Mama. Da sabulun nan na yi mata wanka."

Na hau.

A tsakar ɗaki ta zazzage. 'Yan riguna. Bargo mai hoton agwagi. Sabulun da aka fara amfani da shi, a cikin ledarsa da ba ta rufu ba. Hula. Hular ta ɗauka ta danna fuskarta a ciki.

Ban taɓa jin mutum ya yi irin wannan ƙara ba. Baogen na waje, na ji faifai ya faɗi.

Alhamis, da yamma

Har yanzu tana yi.

Juma'a, da safe

Baogen ya ja ni bayan gida inda ba za ta ji ba.

"A cikin adakar toho! Duk faɗin gidan nan!"

"Na sani."

"Ke da kike kora ta waje in na ci tafarnuwa! Ke da kika hana ni shan taba a tsakar gidana! Tohon shekara guda, mun tsinka yatsunmu na daskarewa, wa zai sha shayin sabulu?"

Ya juya kamar zai tafi, ya dawo.

"Ki bar batun shayi, shayi ya ci wuta. Kina jin ta? Tun jiya ko numfashi ba ta yi sosai. Da tana zaune shiru, yanzu fa? In wani abu ya same ta, ke ce."

Abin da nake faɗa wa kaina ke nan.

Asabar, da rana

Yaya Lanfang ta jiyo kukan daga hanya. Ba ta ja ni kicin ba wannan karon.

"Maƙaryaciya! Ido cikin ido kika ce kin ƙona! Kin ɗaure wa 'yarki dutse a ƙafa da hannunki. Mu da muka haƙura wawaye ne?"

Da ta faɗi wannan muryarta ta karye. Ta goge hanci da bakin riga, ta fita. Ba a jima ba ta kira uwar Weilun.

Uwar Weilun ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa. Ta ce ta ba ni amana ne don ta ɗauka ni babba ce. Ta ce Weilun zai zo ranar Laraba ya yi abin da na kasa, ya tafi da matarsa asibiti. Na ce to.

Lahadi, da safe

Tana kwana da hular a ƙarƙashin haɓa. Idonta ya kumbura har ba ya buɗuwa sosai.

Lahadi, da yamma

Ta ce in haɗa mata shayin tohon nan. Na haɗa. Ta sha kofi biyu da ciki wayam, bai jima ba ya dawo duka. Ta durƙusa a bakin magudana tana kakari, tana kallon abin da ya zube kamar an ƙwace mata shi. Ta ce in sake haɗawa.

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na ɗauki gwangwanin da na ɗebo shi a ciki na rungume.

"Sabon toho ne, ke kika fi ni sani, yana kartar ciki in babu komai. Ba za ki sha ba sai kin ci."

"Mama, ba ni."

"Zubar da shi za ki yi ta yi a magudana har ya ƙare? Ki ci, ya samu wurin zama."

Ta yi mini wani kallo, na tsana ne, ban taɓa ganinsa a fuskarta ba. Na tsaya.

"Kawo," in ji ta.

Rabin kwano na fate. Ta ci kamar tana haɗiyar ƙasa. Na jira ya kwanta, sannan na haɗa mata kofi ɗaya. Ya zauna.

Litinin, da rana

Kwano guda da ɗan kifi. Kofi ɗaya. Ba ta yi mini magana.

Talata, da yamma

Ta ci sau biyu. Ta ce gishiri ya yi yawa a miyar. Na fita bayan gida na zauna a kan itace na yi kuka saboda gishiri.

Tana shan shayin a hankali yanzu, ta rufe ido. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ba sabulun kaɗai ba ne. A ƙarƙashinsa akwai madara. Akwai bayan wuyanta." Ta turo mini kofin. Na kurɓa. Na ji zaƙin toho, na ji ɗan sabulu can nesa. Sauran ban ji ba. Sau ɗaya na ɗauki jaririyar, kuma ranar mura nake yi.

Na ce na ji.

Laraba, da yamma

Weilun ya iso da hantsi, fuska a ɗaure, kwalbar kananzir a leda. Ya gaishe ni bai dube ni ba.

"Mama, ina kayan? Mu gama da wannan."

Shuyan na zaune a tebur, ta riga ta ɗora ruwa. "Zauna," in ji ta.

Ya tsaya cak. Rabonsa da jin muryarta tun kafin ya kawo ta. Ya zauna. Ta zuba masa, ya sha don ta ce ya sha, yana kallon fuskarta. Ban san ko ya ji wani abu a kofin ba, shi ba ɗan gidan shayi ba ne. Sai ta ciro hular daga cikin rigarta ta ajiye tsakaninsu.

Ya daɗe yana kallo.

"Ni na sayo ta," in ji shi. "Ta yi mata yawa. Kika ce kaina na auna."

"Kanka ka auna mana."

Ya sa yatsu uku a ciki, suka cika ta. Ya ce, "Doudou." A hankali, kamar mai tada mai barci. Ya kifa kai a kan tebur.

Na fita na ba su wuri. Sai yau na san sunan da aka sa wa jaririyar.

Bayan rana ta karya suka tattara komai a jakar, har da hular. Ita ta ɗauka, ba ta bari ya karɓa ba. Na ɗauko takalmina, ta ce, "Mama, mu biyu za mu je." Na tsaya a ƙofa. Suna tafe a hankali, tana hutawa, yana jira. Can sai na ga hayaƙi siriri daga wajen rafi. Kananzirin yana nan a ƙarƙashin tebur, ba su tafi da shi ba.

Sun dawo hannu wayam. Ta ci taliya.

Alhamis, da safe

Yaya Lanfang ta zo ta tabbatar. Ta ga Shuyan tana ɗura tohon cikin gwangwanaye, ta ce, "Wannan fa? Shi ma ai ya taɓa kayan. A zubar."

Baogen na ɗaure buhu, bai ɗago ba. "Yaya, shayi ne. Shayina ne, ni na shanya shi, na ba 'yata. Ki zauna a haɗa miki na lemo."

Ta zauna. Ta sha na lemon har kofi uku, ta ce ɓawon bai tsufa ba.

Juma'a, da rana

Sun tafi. Ba asibiti ba, gida. Weilun ya kira likitan, ya ce a kawo ta a duba ta mako mai zuwa, in tana ci ba sai an kwantar ba. Uwarsa ba ta kira ni ba, kuma ba na jin za ta sake kira.

A bakin mota Shuyan ta riƙe hannuna. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce na kyauta ba. Ta ce, "Na bar miki gwangwani ɗaya a kan tebur." Har yanzu wuyan hannunta bai fi tsinken cin abinci biyu ba.

Ko na riƙe mata ƙafa kamar yadda Yaya ta ce, ban sani ba. Shekaru ne za su faɗa, kuma zan yi ta jira.

Asabar, da yamma

Gidan shiru. Na haɗa shayin gwangwanin, kofi ɗaya, don kaina. Baogen ya shigo yana kakkaɓe wando, ya dubi kofin, ya dube ni.

"Ni ba mutum ba ne?"

Na zuba masa. Ya zuƙa da ƙara yadda ya saba, ya juya shi a baki. Taba ta daɗe da kashe masa hanci, ba ya yarda dai.

"An ɓata shayi," in ji shi.

Ya miƙo kofin na ƙara. Ya sha rabi. Yana kallon ƙofa ya ce, "Tsohuwa. Me suka sa mata?"

Na faɗa masa.

Ya maimaita. Ya sake maimaitawa. Ya tashi ya fita wajen faifansa.

Talata, da yamma

Ta kira da kanta. Ta ce ta ci, shinkafa da ganye da ƙwai. Ta ce likita ya bar ta a gida.

"Mama, ƙamshin ya fara tafiya. Duk buɗewa yana raguwa. Kafin bazara zai koma shayi kawai."

Na ce ta naɗe bakin gwangwanin da leda, ta ɗaure da roba, ta daina buɗewa kullum, in ta yi haka zai daɗe.

"A'a," in ji ta. "Kofi ɗaya kowace safiya, bayan na ci. Har ya ƙare."

Na ce to. Na ce kada ta sa ruwa mai zafi sosai. Ta ce ta sani, Mama.